Ƙungiyar UPC da yaƙin da Faransa ta yi a Kamaru, 1955 zuwa 1971

UPC, wato Union des populations du Cameroun, ƙungiyar siyasa ce da aka kafa a Duwala ranar 10 ga Afrilu 1948 domin neman kawo ƙarshen mulkin Faransa a Kamaru. Shekara bakwai ta yi tana bin hanyar doka: tana taruka, tana buga jaridu, tana kai koke Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1955 Faransa ta haramta ta, daga nan aka shiga yaƙin da bai ƙare ba sai 1971, shekara 11 bayan ƙasar ta sami 'yancin kai. Dubun-dubatar mutane suka mutu, aka ƙone ƙauyuka, aka kashe shugabannin ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya. Gwamnatocin Faransa sun yi fiye da shekara 60 ba su amsa cewa an yi yaƙi ba, sai a wasiƙar da Shugaba Emmanuel Macron ya aika wa Shugaba Paul Biya ranar 30 ga Yuli 2025.

Labarin ya shafi Hausawan Kamaru, na unguwar Briqueterie a Yawunde da na New-Bell a Duwala, waɗanda suka rayu a tsakiyar rikicin. Ya kuma shafi 'yan uwansu na Nijar da Najeriya, domin a shekarun nan ne jam'iyyar Sawaba ta fuskanci irin wannan makoma, kuma a cikinsu ne iyakar da ta raba Mubi da Garwa ta zama iyakar Najeriya da Kamaru.

Yadda Faransa ta sami Kamaru

Jamus ce ta fara mallakar ƙasar a 1884, ita ce kuma ta kafa sansanin da ya zama birnin Yawunde. Tun lokacin akwai masu ƙin mulkin baƙi. Ranar 8 ga Agusta 1914 Jamusawa suka rataye sarkin Duwala Rudolf Duala Manga Bell saboda ya ƙi yarda a ƙwace filayen mutanensa, a wannan ranar kuma suka harbe Martin-Paul Samba a Ebolowa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Faransa da na Ingila suka kori Jamus, suka raba ƙasar a 1916. Faransa ta ɗauki kusan kashi huɗu cikin biyar, Ingila ta ɗauki zirin da ke jikin Najeriya, ta riƙa gudanar da shi tare da Najeriyar.

A takarda, Kamaru ba mallakar Faransa ba ce. Amana ce da tsohuwar majalisar ƙasashen duniya, Société des Nations, ta ba ta a 1922, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sabunta amanar a Disamba 1946 bisa sharaɗin a shirya mutanen ƙasar su riƙe kansu. A aikace kuwa an mulke ta kamar sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka. Da aikin tilas aka ƙarasa layin dogo daga Duwala zuwa Yawunde a 1927. Sarkin da bai yi wa Turawa yadda suke so ba, sai a raba shi da ƙasarsa: an kawo Sarkin Bamun Ibrahim Njoya Yawunde a 1931, a nan ya rasu a 1933. A Satumba 1945, da ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga yajin aiki a Duwala, Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka ɗauki bindigogi suka buɗe wa jama'a wuta. Daga cikin ƙungiyoyin ƙwadagon wancan lokaci ne mutanen da suka kafa UPC suka fito.

Shekarun koke

A Nuwamba 1948 aka zaɓi Ruben Um Nyobè babban sakataren ƙungiyar. Ɗan ƙabilar Basaa ne, an haife shi a 1913, akawun kotu ne kuma ɗan ƙwadago. Mutanensa suka sa masa laƙabin Mpodol, wato mai magana da yawun jama'a. A 1952 likita Félix-Roland Moumié, haifaffen ƙasar Bamun, ya zama shugaban ƙungiyar, Ernest Ouandié da Abel Kingué suka zama mataimakansa. UPC tana da reshen mata, UDEFEC, da na matasa, JDC.

Buƙatunta biyu ne: a sake haɗe ɓangaren Faransa da na Ingila su zama ƙasa ɗaya, a kuma sa ranar samun 'yancin kai. Shi ya sa 'ya'yanta ke rubuta sunan ƙasar da harafin K, Kamerun, yadda yake kafin a raba ta. Da yake ƙasar amana ce, mutanenta suna da ikon kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya kai tsaye, UPC kuwa ta yi amfani da wannan dama sosai. Dubban takardun koke suka riƙa isa birnin New York daga rassanta na ƙauyuka da unguwanni. Um Nyobè da kansa ya yi jawabi gaban kwamiti na huɗu na Majalisar a Disamba 1952, ya koma a 1953 da 1954. Faransa ta riƙa kai nata wakilan 'yan ƙasa su ce shi ba ya wakiltar kowa.

A gida, hukuma ta yi ta watsa shugabannin ƙungiyar ta hanyar canjin wurin aiki. An tura Moumié can Arewa, Mora da Marwa, an tura Ouandié, wanda malamin makaranta ne, garuruwan gabas. Dabarar ta juye, domin duk inda suka je sai su buɗe reshe. Da Roland Pré ya zama Babban Kwamishina a Disamba 1954, sai ya tattaro su Duwala don ya sa musu ido. A Afrilu 1955 bishop-bishop na cocin Katolika suka fitar da wasiƙa suna gargaɗin mabiyansu su nisanci UPC saboda alaƙarta da 'yan kwaminis. Ranar 22 ga watan UPC da ƙawayenta suka fitar da sanarwar neman 'yancin kai nan take.

Mayun 1955 da haramci

A ƙarshen Mayu 1955 tarzoma ta ɓarke a garuruwan Mungo irin su Mbanga da Loum da Nkongsamba, ta kai Duwala da Yawunde. Jami'an tsaro suka yi harbi, aka ƙone hedkwatar UPC da ke New-Bell. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 26 ne suka mutu, ƙungiyar ta ce sun fi haka nesa ba kusa ba. Ranar 13 ga Yuli 1955 gwamnatin Edgar Faure a birnin Paris ta rushe UPC da UDEFEC da JDC. A cikin watan ne babbar ƙungiyar RDA, wadda Félix Houphouët-Boigny ke jagoranta kuma ta riga ta daidaita da Faransa, ta yi taro a Konakiri ta kori UPC daga cikinta. Tare da ita aka kori jam'iyyar UDN ta Djibo Bakary na Nijar.

Shugabannin suka rabu biyu. Um Nyobè ya shige dajin ƙasarsu ta Sanaga-Maritime. Moumié da Ouandié da Kingué suka tsallaka Kumba a ɓangaren Ingila. A 1957 Ingila ma ta haramta ƙungiyar, ta kore su zuwa Sudan, daga can suka wuce Alƙahira, daga baya Konakiri da Akra.

Yaƙin Sanaga-Maritime

Faransa ta shirya zaɓen majalisar yanki ranar 23 ga Disamba 1956 ba tare da ta ɗage haramcin ba. Ma'anar haka, waɗanda za su karɓi mulki za a zaɓe su ne babu ƙungiyar da ta fi kowa neman 'yancin. UPC ta kira a ƙaurace wa zaɓen, ta kafa reshen yaƙi mai suna CNO. Mayaƙanta suka lalata layin dogo da wayoyin sadarwa, suka kashe 'yan takara biyu a Sanaga-Maritime. Babban Kwamishina Pierre Messmer, wanda daga baya ya zama firaministan Faransa, ya tura sojoji. Ranar 31 ga Disamba 1956 suka far wa wani taro a Ekité kusa da Edéa suka kashe mutane da yawa.

A Disamba 1957 aka ayyana yankin a matsayin filin aikin soja da ake kira ZOPAC, ƙarƙashin Laftanar Kanar Jean Lamberton, wanda ya yi yaƙin Indochina. Hanyar da ya bi ita ce raba mayaƙa da jama'ar da ke ciyar da su. Aka kwashe mutanen ƙauyuka zuwa sansanoni a bakin hanya, aka kewaye su da shinge, aka ƙone gidajen da suka bari. Duk wanda aka gani a wajen sansani ana ɗaukarsa ɗan tawaye. An azabtar da waɗanda aka kama don a sami bayanai, an kafa ƙungiyoyin sa-kai na 'yan ƙasa masu taya sojoji farauta.

Ko a cikin dajin, Um Nyobè bai daina neman sulhu ba. A 1957 ya rubuta cewa a yi afuwa, a ɗage haramcin UPC, a zauna a yi magana, ya kuma karɓi Bishop Thomas Mongo na Duwala da ya je masa da saƙon sasantawa. Hukuma ba ta amince da sharuɗɗansa ba. Ranar 13 ga Satumba 1958 sojoji suka cim masa a dajin da ke kusa da Boumnyébel suka harbe shi. Aka ja gawarsa a ƙasa, aka binne ta a Eséka, aka zuba mata kankare.

Kafin nan siyasa ta riga ta sauya a Yawunde. André-Marie Mbida, firaministan farko, ya faɗi a Fabrairu 1958, Ahmadou Ahidjo ya maye gurbinsa. A Maris 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a kawo ƙarshen riƙon amana ba tare da sabon zaɓe a ƙarƙashin kulawarta ba, duk da cewa zaɓen shi ne abin da UPC ta nace a kai.

Yaƙi bayan 'yancin kai

Ranar 1 ga Janairu 1960 Kamaru ta sami 'yancin kai, amma sojojin Faransa ba su tafi ba. Yaƙin ya koma ƙasar Bamileke da Mungo, inda UPC ta kafa rundunar ALNK a 1959 ƙarƙashin Martin Singap. Bisa buƙatar gwamnatin Ahidjo, Faransa ta ƙaro dakaru ta ɗora Janar Max Briand a kansu. Jiragen yaƙi suka yi ta luguden wuta a kan ƙauyuka, aka tattara dubban ɗaruruwan mutane a sansanoni, aka riƙa baje kawunan mayaƙan da aka kashe a kasuwanni don tsorata jama'a. Briand da kansa ya ƙiyasta cewa mutum kusan 20,000 ne suka mutu a yankin a 1960 kaɗai. Mayaƙan ALNK su ma sun kashe sarakuna da jami'ai da fararen hular da suke zargi da haɗa kai da hukuma, sun ƙone makarantu da majami'u.

A Oktoba 1960 wani jami'in leƙen asirin Faransa, William Bechtel, wanda ya ɓad da kama a matsayin ɗan jarida, ya gayyaci Moumié cin abinci a birnin Geneva. Aka zuba masa gubar taliyom, ya rasu ranar 3 ga Nuwamba. An kama Bechtel a 1974, amma kotun Switzerland ta kori shari'ar a 1980. Kwana goma bayan rasuwar Moumié, ranar 13 ga Nuwamba 1960, Kamaru da Faransa suka sa hannu kan yarjejeniyoyin haɗin gwiwa, ciki har da na tsaro, waɗanda suka bai wa hafsoshin Faransa damar ci gaba da horar da sojojin ƙasar da jagorantar wasu rundunoninta.

Haɗewar da UPC ta nema ta zo rabi da rabi. A ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Fabrairu 1961, kudancin ɓangaren Ingila ya zaɓi haɗewa da Kamaru, arewacinsa ya zaɓi Najeriya, ya zama Lardin Sardauna. Yankin yanzu yana cikin jihohin Adamawa da Taraba da Borno.

An kashe Singap a 1961. A shekarar Ouandié ya dawo daga gudun hijira ya shiga daji, ya yi shekara tara yana jagorantar ragowar mayaƙa. Kingué ya rasu a Alƙahira a 1964. Castor Osendé Afana, masanin tattalin arziki da ya yi ƙoƙarin buɗe sabon fagen daga a kudu maso gabas, an kashe shi ranar 15 ga Maris 1966. A Agusta 1970 Ouandié ya faɗa hannun hukuma a Mbanga. Kotun soja ta Yawunde ta yanke masa hukuncin kisa, aka harbe shi a bainar jama'a a Bafoussam ranar 15 ga Janairu 1971 tare da Raphaël Fotsing da Gabriel Tabeu.

Hausawa da Musulmin ƙasar

Ƙarfin UPC yana kudu ne: Duwala, Mungo, Sanaga-Maritime da ƙasar Bamileke. A Arewa lamidai sun tsaya tare da hukuma, kuma su ne ginshiƙin jam'iyyar Union camerounaise da Ahidjo, haifaffen Garwa, ya kafa a 1958. Rassan da Moumié ya buɗe a Marwa da kewaye ba su sami sararin girma ba. Hukumar mulkin mallaka ta riƙa nuna wa Musulmi cewa UPC ƙungiyar 'yan kudu ce kuma ta 'yan kwaminis, kamar yadda aka nuna wa Kiristoci cewa ta marasa addini ce.

Hausawan biranen kudu fatake ne da mahauta da maɗinka da malamai, zuriyar waɗanda suka gangaro ta Adamawa tun zamanin Jamusawa. A Yawunde sun taru a Briqueterie, unguwar da ta sami sunanta daga wurin gasa bulo na zamanin Turawa, wadda jama'a ke taƙaitawa da Brique. Tana kusa da Tsinga da kasuwar Mokolo, a nan ne babban masallacin birnin yake, kuma Fulani da Bamun da sauran baƙi sun zauna tare da su. A Duwala kuwa suna New-Bell, unguwar baƙi, wadda ita ce cibiyar UPC. Tsiraru ne da zamansu da kasuwancinsu suka dogara ga izinin hukuma da sarakunan unguwa da hukumar ta amince da su, ga shi kuma maƙwabtansu na kasuwa da na layi su ne ake farauta.

Abin da wannan matsayi kan jawo ya fito fili ranar 24 ga Afrilu 1960, da wuta ta cinye unguwar Congo a Duwala, wadda yawancin mazaunanta Bamileke ne kuma hukuma ke zargin mayaƙa na ɓuya a ciki. Dubban mutane suka rasa matsuguni. Wasu riwayoyi sun danganta gobarar da rikicin da ya shiga tsakanin mayaƙan da mazauna unguwar Musulmi ta kusa, wasu shaidu kuma sun ɗora laifin a kan jami'an tsaro. Irin wannan haɗa ƙabila da ƙabila ya sake faruwa a Tombel a ƙarshen Disamba 1966, inda aka kashe Bamileke fiye da 200 bayan wani hari da aka danganta da mayaƙa.

Waɗanda suka ƙi yin shiru

Bayan dokar hana zagon ƙasa ta Maris 1962 da komawa jam'iyya ɗaya a 1966, ambaton sunan Um Nyobè kaɗai yana iya kai mutum kurkuku. An tsare masu adawa a Tcholliré da Mantoum da Yoko, sau da yawa ba tare da shari'a ba. Duk da haka an sami masu magana.

A farkon Fabrairu 1962 aka ɗauko fursunonin siyasa daga Duwala zuwa Yawunde a cikin taragon kaya da aka rufe ruf. Da jirgin ya iso, 25 daga cikinsu sun mutu saboda rashin iska. Babban limamin Katolika na Yawunde, Jean Zoa, ya bayyana abin da ya faru, jaridar L'Effort camerounais ta buga. Gwamnati ta kwashe jaridar ta kori editanta, Fada Pierre Fertin, daga ƙasar. Bishop Albert Ndongmo na Nkongsamba, wanda ya yi hulɗa da Ouandié, an gurfanar da shi tare da shi, aka yanke masa kisa, aka mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. An sake shi a 1975, ya rasu a Kanada a 1992.

A Faransa, marubuci Mongo Beti ya fitar da littafinsa Main basse sur le Cameroun a 1972 a kan shari'ar Yawunde da hannun Faransa a ciki. Ministan cikin gida Raymond Marcellin ya haramta littafin, ba a ɗage haramcin ba sai 1976. A 1984 masanin tarihi Achille Mbembe ya tattara rubuce-rubucen Um Nyobè ya buga. Da aka dawo da jam'iyyu da yawa, UPC ta sami rajista a 1991, a Disambar shekarar kuma wata doka ta wanke sunayen Um Nyobè da Moumié da Ouandié tare da na Ahidjo. A 2011 Thomas Deltombe da Manuel Domergue da Jacob Tatsitsa suka fitar da littafin Kamerun !, wanda ya dogara da takardun sojan Faransa da hirarraki da waɗanda suka ga yaƙin. A Duwala, ɗan fafutuka André Blaise Essama ya sha sare kan gunkin Janar Leclerc yana neman a maye gurbinsa da na jaruman ƙasa, ya kuma sha ɗauri a kan haka.

Daga musu zuwa amsawa

A Mayu 2009 firaministan Faransa François Fillon ya zo Yawunde ya sa hannu kan sabuwar yarjejeniyar tsaro. Da aka tambaye shi batun kashe-kashen, ya musanta cewa sojojin Faransa suna da hannu. A Yuli 2015, a Yawunden dai, Shugaba François Hollande ya amsa cewa an yi danniya a Sanaga-Maritime da ƙasar Bamileke, ya yi alƙawarin buɗe takardun ajiya. A Yuli 2022 Macron ya sanar a birnin cewa za a kafa kwamitin haɗin gwiwa na masana. Masaniyar tarihi Karine Ramondy ce ta jagoranci ɓangaren bincike na mutum 14, 'yan Kamaru da 'yan Faransa, mawaƙi Blick Bassy kuma ya jagoranci ɓangaren fasaha da tunawa.

Rahoton, mai shafi fiye da 1,000, ya duba shekarun 1945 zuwa 1971. An miƙa shi ga Macron ranar 21 ga Janairu 2025, ga Biya ranar 28 ga watan. Ya tabbatar da cewa Faransa ta yi yaƙi a Kamaru, ya ce mai yiwuwa waɗanda suka mutu sun kai dubun-dubata. A wasiƙarsa, wadda aka bayyana ranar 12 ga Agusta 2025, Macron ya amsa cewa yaƙin ya ci gaba bayan 1960 da goyon bayan Faransa. Ya ambaci kisan Ekité, ya kuma ambaci mutum huɗu da aka kashe a hare-haren da hafsoshin Faransa suka jagoranta: Isaac Nyobè Pandjock, Ruben Um Nyobè, Paul Momo da Jérémie Ndéléné. Game da Moumié ya ce takardun da ake da su ba su isa a yi sabon bayani ba. Wasiƙar ba ta nemi gafara ba, ba ta kuma yi maganar diyya ba.

Maƙwabta: Sawaba da abin da ya biyo baya

Djibo Bakary, wanda aka kora daga RDA tare da UPC, ya zama shugaban gwamnatin yankin Nijar a 1957. Jam'iyyarsa ta Sawaba ta kira a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, wato a zaɓi 'yancin kai nan take. Hukumar Faransa ta sa ƙarfinta a kan kishiyoyinsa, ya sha kaye, aka haramta Sawaba a 1959. Kamar UPC, ta sami mafaka a Akra wajen Kwame Nkrumah, ta shigo da mayaƙa a Oktoba 1964, aka murƙushe su. A Najeriya kuwa zanga-zangar ɗalibai da matsin 'yan adawa suka sa gwamnatin Abubakar Tafawa Balewa ta soke yarjejeniyar tsaro da Ingila a Janairu 1962.

Batun sojojin waje ya dawo da ƙarfi a 'yan shekarun nan. A Nuwamba 2021 mutum uku suka mutu a Tera ta Nijar lokacin da masu zanga-zanga suka tare ayarin sojojin Faransa. A Agusta 2022 aka kafa ƙawancen M62 mai neman ficewarsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da ECOWAS ta yi barazanar tura sojoji Nijar, sanatocin Arewacin Najeriya suka ƙi, aka yi zanga-zanga a Kano, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta je Yamai neman sulhu. Sojojin Faransa na ƙarshe sun bar Nijar ranar 22 ga Disamba 2023, na Amurka suka bi a 2024. Faransa ta fice daga Mali a 2022, Burkina Faso a 2023, Cadi da Senegal a 2025. A Kamaru, Amurka ta girke sojoji kusan 300 a Garwa a 2015 saboda yaƙi da Boko Haram.

Abin da bai warware ba

Yawan waɗanda suka mutu har yanzu ƙiyasi ne, kuma marubutan Kamerun ! suna ganin ya wuce abin da takardun soja suka nuna. Ƙungiyoyin tsofaffin mayaƙa da iyalan waɗanda aka kashe suna neman diyya da gano kaburbura. Macron ya yi alƙawarin sauƙaƙa wa masu bincike ganin takardun Faransa da kafa kwamitin aiki na ƙasashen biyu. Sai dai rabin yaƙin an yi shi ne a ƙarƙashin tutar Kamaru mai 'yanci, don haka wani ɓangare na amsar yana cikin takardun soja da na 'yan sandan ƙasar. UPC kanta ta dare gida-gida tun shekarun 1990, ba ta da nauyin da take da shi a da.

Kabarin Um Nyobè yana Eséka, na Ouandié yana Bafoussam. An binne Moumié a Konakiri, daga baya aka tone kabarin, gawar ta ɓace. Ahidjo, wanda ya yaƙe su, ya rasu a gudun hijira a Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989, kuma har yau a can kabarinsa yake.